Wanda ya danna linki shi zai biya?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman ra'ayinku. An liƙa takarda a allon sanarwa na kamfaninmu cewa daga yanzu duk ma'aikacin da ya danna linki ko ya buɗe imel ɗin da ya jawo asara, daga albashinsa za a cire, kuma takardar tuhuma na jiransa. Ni magatakarda ne a sito, kaya nake shigarwa in fitar. Ban karanci kwamfuta ba, akwai wanda ake biya albashi dominta. Don Allah tsaronta aikina ne ko aikinsa?

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam. Albashin da ba ya kai ashirin ga wata shi za a yanka? Su yanka mu ga abin da zai rage.

Baba Ɗan Fansho: Aikin wanda aka ɗauka ne, babu wani zance. A zamaninmu a sakatariya, fayil ɗin sirri yana rajistar sirri, mutum ɗaya ke riƙe da makulli. In takarda ta fita an san wuyan wanda za a kama. Masinja bai taɓa amsa laifin rajista ba.

Injiniya Malali: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam zan saɓa maka. A zamaninku makulli ɗaya ne. Yau duk wanda aka ba sunan shiga da kalmar sirri to an ba shi makulli, ko ya sani ko bai sani ba. Ni zan iya saka manhajar kariya, in toshe shafukan banza, in sabunta komai. Amma in wani ya kira Baban Ilham ya ce shi daga sashenmu yake, ya karanto masa lambar da ta shigo wayarsa, ya kuwa karanto, duk abin da na gina an zagaye shi. Ba a fasa komai ba, buɗe masa aka yi.

Kuma kada a ɗauka rashin ilimi ne na mutanenmu. A watan Yulin 2020 aka shiga Twitter aka kame asusu 130, har da na Obama da Bill Gates da Elon Musk. Ta waya aka bi. An riƙa kiran ma'aikatansu ana cewa daga sashen kwamfuta ne, ana tura su wani shafi na bogi su shigar da bayanansu. Jagoran abin yaro ne ɗan shekara 17 a Florida. Uber ma a 2022, wani ɗan kwangilarsu aka dama da saƙon neman amincewa a shiga asusunsa a waya, yana shigowa yana shigowa, har ya gaji ya danna. Waɗannan kamfanoni ne da sashen tsaronsu kaɗai ya fi ma'aikatarmu yawan mutane.

Baba Ɗan Fansho: To in manyan ma ba su tsira ba, ina laifin ɗan sito?

Injiniya Malali: Ai ban ce laifinsa ba ne, Baba. Cewa na yi da hannunsa a cikin aikin. Abu biyu ne.

Hajiya Akanta: Injiniya, bari in shigo, don ni abin a teburina yake sauka. Kuna ta maganar ƙananan ma'aikata, ba wanda ya taɓo inda gizo ke saƙar.

Kwanakin baya saƙo ya shigo min ta WhatsApp daga sabuwar lamba, hoton oga a kai, irin hularsa, har da gaisuwar da ya saba yi min. Wai yana cikin taro a Abuja, wayarsa ta faɗa ruwa, in tura kuɗin ɗan kwangilar da ke kawo mana kaya kafin ƙarfe biyu, ga sabuwar lambar asusu don tsohuwar ta samu matsala. Ya ƙara da cewa kada in kira, ba zai iya ɗauka ba. Sunan ɗan kwangilar daidai, adadin kuɗin ma kusan daidai. Abin da ya tsaya min a rai sabon asusun ne, da kuma wannan “kada ki kira”. Na kira tsohuwar lambar. Oga na zaune a gidansa a Unguwar Rimi yana shan shayi, wayarsa lafiyarta ƙalau.

Yanzu ku ji ragowar. Bayan wannan, oga na gaskiya ya turo umarnin biya na gaskiya, na kira in tabbatar, sai ya hau ni da faɗa. Wai ko na fara zarginsa ne, shekara nawa muna tare. To ku gaya min, yarinyar da aka ɗauka jiya, wadda ke tsoron ko kallon idonsa, in an yi mata irin wannan tsawa sau ɗaya, za ta sake kira?

Maman Sadiq: Wallahi Hajiya kin faɗi gaskiya. Ba za ta sake ba har abada.

Ɗan Rigasa: Tambayata ita ce, ina suka san sunan ɗan kwangilar da kuɗinsa?

Hajiya Akanta: Ƙanena, abin da ya hana ni barci kenan. Takardun biyan kuɗi muna ɗaukar hotonsu mu tura a guruf ɗin ofis. Guruf ɗin kuma har da waɗanda suka bar aiki tun tuni.

Barista: Salamu alaikum, na zo a makare, na karanto daga sama. Baban Ilham, game da yankan albashi, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta bar wa mai kamfani wuƙa da nama ba. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashin ma'aikaci sai inda doka ta yarda. In asara ce ta faru saboda ganganci ko sakacin ma'aikaci, ana iya cire abin da hankali zai ɗauka, amma sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tukuna. Kuma jimillar abin da za a cire a wata ba zai haura kashi ɗaya cikin uku na albashi ba. Mai aikin magatakarda irinka yana cikin waɗanda dokar ta shafa. Takardar da aka liƙa a allo ba ta isa ta goge wannan ba.

Sai ɗaya ɓangaren. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, a kan wanda ke tara bayanan mutane ta ɗora nauyi, wato kamfani ko asibiti ko makaranta. In aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 aka ba su daga lokacin da suka sani su sanar da hukumar. To ku haɗa da waccan takarda. Ma'aikaci ya danna abu, gabansa ya faɗi, ya san in ya faɗa za a yanke masa albashi. Me zai yi? Ya kashe kwamfuta ya tafi masallaci ya yi shiru. Ɓarawo kuma ya samu kwanaki yana yawo a ciki.

Injiniya Malali: Barista, Allah ya saka. Wannan shi ne abin da nake ta fama in fahimtar da shugabanni. In ka gaya min cikin minti goma, zan canza kalmar sirri, in cire na'urar daga layi, in fitar da duk wanda ya shiga, a wuce wajen. In sai bayan sati uku na gano da kaina, lokacin an karanta duk imel ɗin ofis, an san wa ke bin wa bashi. Ni wanda ya zo da gudu ya ce Injiniya na danna wani abu, lemo ya kamata in saya masa.

Ɗan Rigasa: To ni na danna jiya, ina lemona?

Baba Ɗan Fansho: Ku dakata. Kuna so ku ce babu hukunci sam? In babu tsoro aiki lalacewa yake. Mun ga haka da idonmu.

Barista: A'a Baba, a bambanta. Wanda aka yaudara daban, wanda ya sayar da bayanan kwastoma ko ya haɗa baki da ɓarayi daban. Na biyun Dokar Laifukan Intanet ta 2015 na nan tana jiransa, ba ma maganar albashi ba ce, maganar kotu ce. Wanda aka yi wa gargaɗi ya ƙi ji, ya ci gaba da raba kalmar sirrinsa, shi ma a ladabtar da shi.

Amma tunda ana son hukunci, a fara daga sama. Kun tuna Obinwanne Okeke, wanda ake kira Invictus Obi? Kamfanin Unatrac da ke Ingila, mai sayar da kayan Caterpillar, ya yi asarar kusan dala miliyan 11 a 2018. Wa ya shigar da kalmar sirrinsa a shafin bogi? Shugaban sashen kuɗinsu. Da asusunsa aka riƙa aika wa ƙananan ma'aikata umarnin biya, su kuma suka biya don daga oga ya fito. A 2021 kotun Amurka ta ɗaure Okeke shekara 10. Ina so in ga takardar da za a liƙa a ce oga ma in ya danna za a yanke nasa.

Hajiya Akanta: Ranar kam sai na yi sadaka.

Maman Sadiq: Ni bari in kawo namu na asibiti, wani mai zaman kansa a nan cikin gari. Kwamfuta ɗaya ce a wajen karɓar kati. Kalmar sirrinta an rubuta a jikin filasta an manna a ƙarƙashin allon madannai, mai aikin safe da na rana da na dare duk ita muke amfani da ita. In wani ya duba fayil ɗin matar maƙwabcinsa ya je ya baza a unguwa, wa za a kama? Duk suna ɗaya muke shiga da shi. Sakamakon gwaji kuwa ta WhatsApp ake tura wa likita, yana nan zube a wayoyinmu tare da hotunan biki. Yara na ɗaukar wayar su yi wasa. Mun yi magana, an ce babu kuɗi. Kuma har yau Windows 7 ce a kai.

Injiniya Malali: Innalillahi. Anti, Microsoft ta daina ba Windows 7 kariya tun Janairun 2020. Windows 10 ma nata wa'adin ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. A nan dole in ba Baba gaskiyarsa, akwai abin da ba ruwan ƙaramin ma'aikaci. Cutar kwamfuta ta WannaCry da ta ɓarke a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, asibitocin Ingila suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Ba wata nas ce ta danna komai ba. Da kanta take tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura ta wata kafa da Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris, ba a dai saka ba. Wannan laifin masu sa hannu a kasafi ne da mu masu kula da na'ura.

Amma raba wa kowa sunan shigarsa ba ya cin ko sisi. Aikin rabin yini ne.

Baba Ɗan Fansho: Madalla, ka dawo hanya.

Injiniya Malali: Rabin hanya dai, Baba.

Kofa: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni bautar ƙasa nake yi a wani ofis. Satin farko oga ya rubuta min kalmar sirrin imel ɗinsa a bayan ambulan, ya ce in riƙa buɗewa ina buga masa wasiƙu, shi ba ya son wahalar allo. Sunan 'yarsa ce da shekarar haihuwarta. Kofan da ya gabace ni ma ita aka ba shi, ba a canza ba. In firintar ofis ta ƙi, ko babu wuta, filashi nake ɗauka in je shagon buga takardu a bakin titi. In na dawo duk fayilolin sun koma wasu 'yan gumaka masu kibiya, sai an danna su suke buɗewa.

Injiniya Malali: Ƙanena kada ka sake danna su. Cuta ce ta ɓoye fayilolinka na gaskiya ta ajiye waɗannan a madadinsu, kana dannawa tana kama kwamfutar da ka soka filashin. Kwamfutar shagon nan filashi nawa ke shiga cikinta a yini, na ɗalibai, na masu neman aiki, na kowa. In dole ne sai ka buga a waje, ware filashi ɗaya na waje kawai, kada ya taɓa komawa na'urar ofis sai an wanke shi.

Maganar tsohon kofa kuwa, da ta guruf ɗin Hajiya, duk abu ɗaya ne: mutum ya tafi, ƙofarsa na buɗe. Kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka, a 2021, ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi aka shiga, kalmar sirri kawai, babu mataki na biyu, wato ƙarin tabbaci kamar lambar da ake turowa waya. Suka rufe bututun kwanaki, aka yi layin mai a gabashin Amurka, suka biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

Ɗan Rigasa: Layin mai a Amurka! Ashe su ma sun ɗanɗana.

Admin: Ɗan Rigasa a bar mutane su ƙaru don Allah.

Ɗan Rigasa: Tuba nake, shugaba. Da gaske yanzu. Ni shagon POS nake tsare wa maigidana, mu biyu ne, ba mu da wani Injiniya. Abin da ke cinmu alat ɗin bogi ne. Mutum ya zo da shiga mai kyau, ya nuna maka allon wayarsa an rubuta kuɗi sun tafi, yana sauri motarsa za ta tashi. Dokar maigidana ita ce sai na ga kuɗi a namu asusun, ba a wayarsa ba, ko limamin unguwa ne. Da farko kunya nake ji, yanzu kam cewa nake yi maigida ne ya hana. Sai kuma masu kira su ce daga banki ne, BVN ɗinka ta samu matsala za a rufe asusu yau. Har sunanka cikakke za su faɗa.

Hajiya Akanta: Ka ga wannan “maigida ne ya hana”, shi nake nema a ofishinmu ban samu ba. Maigidanka ya ɗauke maka kunyar, ya ɗora wa kansa.

Maman Sadiq: Mu kuma sace WhatsApp ne ya addabe mu. A kira ki da sallama, a ambaci sunan guruf ɗin ma'aikata, a ce za a yi mitin da daddare ta intanet, an turo miki lambar shiga, karanto. Abokiyar aikinmu ta karanto. Kafin la'asar ana ta roƙon kuɗi da sunanta, wai ɗanta na kwance.

Injiniya Malali: Lamba shida ce ko? Ita ce lambar da WhatsApp ke turowa in ana son ɗora layinki a wata wayar. Babu mitin ɗin da ke buƙatarta. Kowa ya shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya saka lambar sirri tasa da imel. Minti biyu ne. Banki ma ba zai taɓa tambayarka lambar katinka ta sirri ko lambar da aka turo maka ba. Kuma ku saka wa layin wayarku lambar kulle, don in an sace waya layin ake cirewa a saka a wata, a bi ta lambobin banki a kwashe kuɗi.

Baba Ɗan Fansho: Na saurare ku duka. Abin da Hajiya ta faɗa ya tsaya min. Mu an tarbiyyantar da mu babba ba ya magana ka ce sai ka bincika. Amma na tuna lokacin da aka tsananta tsaro a garin nan, maigadi na tsayar da motar darakta ya ce a buɗe but. Ba wanda ya ce ya yi rashin kunya, don umarnin daga sama ya zo, kuma daraktan da kansa yake fitowa ya buɗe. In ana son akanta ta riƙa kira, oga ne zai tara ma'aikata ya faɗa da bakinsa, ya ce ko ni na turo ku kira ni.

Barista: A kuma rubuta shi, Baba. Baki yana mantuwa ranar da rai ya ɓaci.

Hajiya Akanta: Ni dai ga abin da na tsayar wa kaina ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Duk wanda ya ce ya canza lambar asusu, ba na biya sai na kira lambar wayar da ke cikin tsohon fayil ɗinsa, ba wadda ke jikin sabon saƙon ba. Kuɗi masu nauyi kuma sai mu biyu mun sa hannu. A yi fushi, a huce.

Kofa: Hajiya, in ya kira da muryarsa fa? Ko bidiyo?

Injiniya Malali: Nan ma an wuce wajen, ƙanena. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya samu saƙo daga wai shugaban kuɗinsu. Da farko ya yi zargi. Sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga shugaban da wasu abokan aiki suna magana, hankalinsa ya kwanta, ya tura kusan dala miliyan 25. Duk fuskokin da muryoyin na ƙirƙira ne da fasahar AI. Shi ya sa dabarar Hajiya ta fi, kai ne za ka katse ka kira ta lambar da ka sani, ba su za su kira ka ba.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai jama'a. Amma Injiniya, ka ce da hannuna a cikin aikin. To a koya min mana. Tunda na shiga kamfanin nan ba a taɓa zaunar da mu an nuna mana yadda imel ɗin bogi yake ba. Takarda kawai muka gani.

Injiniya Malali: Haƙƙinka ne ka nema. Kafin nan riƙe wannan: kada ka tsaya a sunan da ya bayyana, taɓa shi ka ga cikakken adireshin, sau da yawa harafi ɗaya suke canzawa. Saƙon da ya haɗa gaggawa da sirri da kuɗi, ko ya ce ka shiga ka tantance kanka in ba haka ba albashi ba zai fito ba, tsaya ka tambayi na kusa da kai. Wannan na tantancewar yana kama ma'aikatan gwamnati sosai don an saba da ita.

Maman Sadiq: Wani abu kuma, waya tawa ce, data da kuɗina nake saya, amma aikin asibiti nake yi da ita. In ta ɓace da bayanan marasa lafiya a ciki, ni za a tuhuma ko su?

Barista: A idon hukuma asibitin ne zai fara amsawa, shi ya tara bayanan kuma shi ya bari ana aiki haka. Tsakaninki da su kuma ya danganta da abin da kika sa wa hannu ranar da aka ɗauke ki. Nemo takardar ki karanta, in akwai abin da ya shige miki duhu ki same ni ta gefe, kada ki saka ta a nan.

Kofa: Ni fa ba a amsa min ba. Wata mai zuwa nake gamawa. In ce wa oga ya canza kalmar sirrin, ko in tafi abina?

Hajiya Akanta: Ka gaya masa, amma ba a gaban mutane ba. Ka ce tsoro kake ji kada wani abu ya faru bayan tafiyarka a ce kai ne. Zai fi saurin yarda in ya ga kanka kake karewa.

Injiniya Malali: Kuma ka zauna kusa da shi ya canza da hannunsa, ka juya baya lokacin da yake rubutawa. Ka kunna masa mataki na biyu a lambar wayarsa shi, ba taka ba. Ka duba saitin imel ɗin ko an saka wani adireshi da ake tura wa kwafin wasiƙu, tunda hannu da yawa sun bi ta ciki. In ka ga wanda ba ku sani ba, ɗauki hotonsa kafin ku goge.